Zuma Ba Ta San Ɗan Gida Ba

Wudil, ranar Lahadi da hantsi

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gajiyar shiri, da gajiyar zagayen sallama da dangi da kake ta yi tun shekaranjiya. Allah Ya sa tafiyar nan ta bautar ƙasa ta zame maka alheri, Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin abin da ke rarrafe da abin da ke tashi, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Amin.

Na san za ka yi mamaki. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka, amma ga shi ina aiko maka da takarda kamar wanda ya tafi Makka. To ya zan yi? Kai ne ɗan fari, ga kuma sunan mahaifina a kanka, ko sunanka na yanka ban taɓa kamawa da bakina ba. Shekara ashirin da huɗu ke nan, maganata da kai ba ta wuce "an yi salla?" da "kai wa Gwaggonka saƙo" ba. Jiya sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinka, sau ukun ina zarcewa wajen awaki kamar su suka kira ni. Yau ma tun da na karya nake kai da kawo tsakanin zaure da bakin titi, in ɗauki biro in ajiye, in sake ɗauka. Har Ummanka ta gaji ta ce, "Malam, ko ka zauna ko ka fita, kana sa mu jiri."

Ga abin da ya hana ni zama. Ranar Juma'a ƙanwarka Hauwa tana goge maka kaya, ta ga takardar lafiya da za ka miƙa a sansanin horo. Akwai wurin da aka tambaya ko jikinka yana da abin da ba ya so, abinci ko magani ko harbin ƙwaro. Ta ce da hannunka ka rubuta babu. Babu, Abba? Kai da ƙudan zuma ɗaya tal ya kusa kai ka kushewa? Kuma jibi za ka hau mota ka nufi kudu, ƙasar kurmi da ruwan sama, inda za a sa ku rarrafe cikin ciyawa, inda babu mahalukin da ya san ka balle ya san jikinka. Na so in yi faɗa, har na kama labulen ɗakinka. Sai na tambayi kaina wa ya koya maka wannan ƙaryar, na duba na ga ba kowa ba ne, ni ne. Don haka ka daure ka karanta har ƙarshe. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa na yi sake har tafiyar ta zo, dole mu fafe shi haka.

Kuskurena na farko kana da shekara bakwai na yi shi. Ran nan ne na fara tafiya da kai gonarmu ta Lajawa, inda na ɗora wa zuma amyoyi a kan ɗorawa, don ka fara sanin sana'ar gidanku. Ina sama ina gyara igiyar wata amya, kai kana ƙasa kana tone-tonen da ba a aike ka ba, sai na ji ihu. Zuma ce ta same ka a bayan hannu. Ban yi saurin saukowa ba, sai da na ƙarasa ɗaurin da nake yi, duk tsawon lokacin nan ƙarin da ta harbe ka da shi yana maƙale a namanka yana zuba maka dafi. Da na sauko na zare shi, na hau matsa wurin kamar mai tatsar ƙurji, na ɗebo laka a bakin kududdufi na yaɓa maka. Da muka dawo gida na ƙara da kananzir, don haka na taso na ga ana yi. Ina yi ina dariya, ina ce maka, "Barka da shigowa gida, yau zuma ta yi maka sallama." Kafin magariba hannun ya kumbura har gwiwa, yatsun sun yi suntum ba sa lanƙwasuwa. Kananzir ya sale fatar, laka ta sa wurin ya yi ruwa, Ummanka ta kwana goma tana jinyar abin da ni na ƙara masa wuta.

To ka ji abin da ya kamata in yi, ka riƙe shi ko don wani da zai faru a gabanka. Ƙari ba ya jira. Ka kankare shi nan take da farce ko da gefen katin shaidarka, kada ka tsaya neman abin cirewa, kada ka matsa wurin. Ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta. Ka jiƙa tsumma da ruwan sanyi ka ɗora, in akwai ƙanƙara ka naɗe ta a ƙyalle tukuna, kada ka manna ta a fata tsirara. In hannu ne ko ƙafa ka ɗaga shi sama, in akwai zobe ko agogo ka cire tun kumburi bai kama shi ba. Kananzir da fetur da baƙin mai na inji ne, laka kuma ta gini ce. Duk wanda ya nufo ka da ɗayansu, ko da rawani a kansa, ka ce masa an gode.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, don shi da gangan na yi shi. Ka san al'adar gidanmu. In yaro ya kai sha biyu, uba zai kamo ƙudan zuma da hannunsa ya ɗora masa a damtse ya bari ya harbe shi, yau ɗaya, bayan 'yan kwanaki a ƙara, har jiki ya saba. Mu kan ce ana dafa yaro ke nan. Haka kakanka ya yi min, haka ya yi wa yayana, Baffanka Garba, kuma ga mu nan, ni yanzu ko goma suka same ni sai dai in karkaɗe riga in ci gaba da aiki. Ummanka ta roƙe ni. Ta ce, "Malam, yaron nan jikinsa ba irin naku ba ne, ka tuna hannunsa." Na ce mata barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ta koma ɗaki ta bar wa maza zancen maza.

Na kira ka zaure. Kai da kanka ka naɗe hannun riga ka miƙo, ka kau da kai, don kana so in ce ka yi ƙoƙari. Wallahi wannan miƙa hannun naka shi ne ya fi damuna yanzu. Na ɗora maka, ta harbe ka, ban gama wanke hannu ba jikinka ya fara borin jini. Ciki, baya, cinyoyi, wuraren da zuma ba ta ko kusanta ba, duk suka yi rudu-rudu, leɓenka ya kumbura, fatar idonka ta rufe ido. Kana susa da hannu bibbiyu, kana goga baya a bango. Ni kuwa me na ce? Na ce ragwanci ne, tsoro ne ya fito maka a fata. A gabanka na faɗa. Allah Ya rufa asiri ran nan abin bai sauka maƙogwaro ba, amma gargaɗi ne aka yi min ƙarara, na toshe kunne. Ranar ya kamata in kai ka asibiti, ban kai ka ba, don kada a ce Sale Mai Zuma ya kai ɗansa wajen likita saboda harbin zuma. Abin da ya hana ni maimaitawa ba hankali ba ne, Ummanka ce. Ta tsaya a bakin zaure, ita da ba ta ɗaga min murya, ta ce, "Ka sake kamo wani ƙwaro ka nufi yaron nan, sai dai ka zaɓa, ko amya ko ni."

Saboda haka, Abba, kada ka yarda kowa ya dafa ka. Duk inda ka je za ka tarar da irina, mai cewa ka sha wannan jiƙon, ko a yi maka tsaga a shafa gari, ko ka bari a ƙara harbinka sau ɗaya daga nan ka gama da shi har abada. Ƙarya ne, ko da shi mai faɗar bai san ƙarya yake ba. Abin da ya yi min aiki kai ya kusa kashe ka. Gona ana gadonta, amya ana gadonta, amma yadda jiki ke karɓar dafi kowa da irin halittar da Allah Ya yi masa.

Bari in ba Ummanka haƙƙinta, don ita ce ta san abin da ke sanyaya fata, ni sai dai ɓarna. Ran da jikinka ya yi borin nan ta tafasa ganyen darbejiya, ta bari ya huce sarai, ta yi maka wanka da ruwan. Ta yanke maka farce ƙasa-ƙasa don kada ka yi wa kanka rauni. Ta sa maka tsohuwar rigata mai faɗi, ta zauna tana jiƙa tsumma a randa tana ɗora maka, in ya ɗumama ta canza. Da zafin ya sauka ta shafe ka da man kaɗanya. Ka riƙe waɗannan, za su yi maka amfani, don a can ba zuma kaɗai ke jiranka ba. Akwai sauro, akwai cinnaka, akwai kuɗin cizo a katifun da dubban mutane suka kwanta kafin kai, kuma fatarka irin mai saurin fushi ce, cizon da wani zai sosa sau ɗaya ya manta kai sai ya kwana uku yana tashi. Ka shanya katifa a rana ran da aka ba ka ita, ka duba ɗinkin gefenta. Ka ɗaura gidan sauro ko abokan kwananka za su ce ka cika tsirfa. In an cije ka, sabulu da ruwan sanyi tukuna, sannan kaɗanya, ko farin maganin nan na shafawa mai bushewa kamar alli. Ruwan zafi daɗinsa na lokacin ne, daga baya ƙaiƙayin ninkuwa yake. Kada ka sosa, na san faɗa ya fi yi sauƙi, amma ka danna wurin da tafin hannu ka yi ta salati har ya lafa. In ka ga wurin ya ƙara ja yana faɗi, ya ɗauki zafi, ko ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, ya wuce na gida, ka kai shi ga masu magani.

Akwai kuma wani ɗan siririn ƙwaro mai ja da baƙi da ke bin hasken fitila. Shi ba ya cizo ba ya harbi, amma in ka murtsuke shi a jikinka ruwan cikinsa zai ƙona ka kamar an ɗiga maka tafasasshen mai. Hure shi za ka yi ya faɗi. In tsautsayi ya sa ka murtsuke, maza ka wanke da sabulu, kada ka kai hannun ido.

Ummanka ta cika maka gwangwani da kaɗanya, yana cikin jaka ta gefen takalma. Amma ka ji ni da kyau, maganin gida iyakarsa fata. Da zarar abu ya wuce fata ya taɓa numfashi, ya fi ƙarfin randa da kaɗanya, kuma rashin sanin wannan iyakar shi ne kuskurena na uku.

Nan na ajiye biro na fita. Na je har bakin kogi, na tsaya kallon masu ɗiban yashi ban san me nake kallo ba, wani ya gaishe ni na amsa masa da abin da bai tambaya ba. Na dawo, don in ban rubuta wannan yau ba, ba zan taɓa rubuta shi ba.

Kana da shekara sha bakwai. Gayyar yankan dawa ce a gonar Baffanka Garba a Ɗankaza. Rana ta take, an ajiye lauje, manya mun zauna a gindin tsamiya, ni da Baffanka da surukansa biyu da dattawan ƙauyen. Ku samari kuna can gefe kuna shan kunun zaƙi, zuma tana ta shawagi a bakin ƙwarya. Ɗaya ta same ka a wuya. Ba ka yi ihu ba, don na riga na koya maka ihu abin kunya ne. Ka taho a hankali ka durƙusa kusa da ni, ka ce, "Baba, harshena ya yi nauyi." Na ji muryar ba taka ba ce, ta dushe kamar ta mai mura. Na ji, Abba, kada ka zaci ban ji ba. Amma ga yayana a zaune, ga surukai, kai kuma ɗan fari. A tarbiyyar da aka yi mana, uba ba ya rawar jiki a kan ɗan fari a gaban manya, sai a ce ba shi da kunya, ɗa ya rufe masa ido. Ko kallonka ban yi ba. Na ce, "Je ka wanke fuska."

Ka tashi don bin umarnina. Taku huɗu ka yi ka zube.

Daga nan wuri ya rikice, kowa ya zama likita. Wani ya ce iska ce a tsamiyar, a kawo tafarnuwa. Wani ya ce a tashe ka tsaye a zagaya da kai jini ya motsa, aka kuwa ɗaga ka, kanka ya langaɓe. Wani ya ce dafi ne a ɗura manja, aka ruga aka kawo, ni da hannuna na buɗe bakinka ina ɗurawa, kai kana neman iska ni ina cika maka baki da mai. Leɓenka ya fara baƙi. Allah Ya kawo ƙanwata, Gwaggonka Hansatu, da ƙwaryar tuwo a ka. Ta dire ta a ƙasa, ta ratsa maza ta ture ni, ta ce, "Yaya, kashe shi za ka yi? Wace irin kunyar banza ce wannan? Ɗauki ɗanka!" Ta juya kan Baffanka ta ce, "Kai kuma tashi mashin, kana tsaye kamar an dasa ka!"

Na ɗauke ka. Rabona da in rungume ka tun kana cikin tsumma, shi ma a ɓoye. Baffanka yana tuƙi, ni ina baya na ƙanƙame ka a tsakiya, kunnena a kan bayanka ina jin numfashinka yana fita da ƙyar yana kuka kamar usur. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ya ɗauke, in kira ka, in ji ya dawo. Hanyar nan na bi ta sau ɗari, ban taɓa sanin tana da nisa ba sai ran nan. Da muka isa asibiti ko tambayar sunanka ba a tsaya yi ba. Wata ma'aikaciya ta kalle ka sau ɗaya ta kwantar da kai, ta soka maka allura a cinya ta kan wando. Ina tsaye jikina duk manja, na ga ƙirjinka ya buɗe ya ja iska. Na zauna a ƙasa a wurin.

Daga baya wata likita ta kira ni gefe. Yarinya ce, ba ta fi ka da yawa ba yanzu. Ta ce, "Baba, ya taɓa yin irin wannan?" Na ba ta labarin zaure, ban rage komai ba. Ta yi min wani kallo, da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Sannan ta ce akwai mutanen da jikinsu ba ya sabawa da dafi, riƙe shi yake, in ya sake haɗuwa da shi sai ya tashi da faɗan da ya fi dafin kansa ɓarna, har ya toshe hanyar iska. Ta ce manjan da na ɗura zai iya faɗawa huhu ya ƙarasa abin da zuma ta fara, tayar da kai tsaye kuma ya kusa tsayar da zuciyarka. Ta rubuta sunan allurar a takarda, adirinalin, ta ce duk inda za ka zauna a san kana iya buƙatarta da gaggawa.

To ga abin da nake so ka haddace kamar karatun allo. In an harbe ka ka ji harshe ko leɓe yana nauyi, ko murya ta canza, ko maƙogwaro yana matsewa, ko bori ya fito inda ba a harba ba, ko jiri da amai, kada ka jira ka ga yadda zai kaya, kada ka je wanke fuska. Ka yi ihu, ka tara jama'a, a nufi asibiti da kai a lokacin. A kwantar da kai a ɗaga ƙafafu, in numfashi ya ƙi a kwance a jingine ka zaune, amma kada a tsayar da kai, kada a sa ka tafiya da ƙafa. Kada a ɗura maka komai, ko manja, ko nono, ko zuma, ko ruwa. Ƙwayar ƙaiƙayi da likitar ta rubuta maka ta fata ce, ba ta buɗe maƙogwaro, allurar nan ce kaɗai. Ko ka ji sauƙi a hanya a ƙarasa da kai, don an ce yana iya lafawa ya dawo. Addu'a kuwa a yi ta a kan mashin ana gudu, Allah Yana ji.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma akwai na huɗu, shi ne wanda ya bi ka har kan takardar nan. Da aka sallamo ka, maƙwabta da abokan sana'ata suka cika zaure dubiya. Suka ce, "Malam Sale, me ya sami yaron?" Na ce zafin rana ne da yunwa, bai karya ba ya shiga gona. Na faɗa sau ɗaya, na faɗa sau goma, har na fara yarda da kaina. Tsoron me nake? Kada a ce ɗan gidan masu zuma, jikan masu zuma, zuma ɗaya ta kayar da shi. Kai kuwa kana kwance a ɗaki, taga a buɗe, kana jin komai. Ka ɗauka cewa abin da ke jikinka abin kunya ne da har ubanka ke masa ƙarya. Tun daga ran nan ban sake jin ka ambace shi ba. Ka yi karatun jami'arka a nan Wudil, kana kwana a gida, Ummanka tana sa ido, abokanka na shekara huɗu babu wanda ya sani. Allah Ya tsare, ni kuma na ɗauka shirun naka lafiya ce.

Jiya bayan la'asar, a majalisarmu ta ƙofar masallaci, na warware ƙaryar. Na ce musu, "Abin da na gaya muku shekarun baya a kan yaron nan ba haka ba ne, zuma ce, kuma ni na jawo." Ka san abin da ya faru? Mutum ɗaya ya yi 'yar dariya ya ce ai sun daɗe da sani, Hansatu ba ta iya riƙe magana. Wani ya bi ni har gida yana tambayar sunan allurar, wai jikarsa haka take kumbura in rina ta harbe ta. Shi ke nan abin da na shekara bakwai ina gudu. Haba, Sale!

Don haka ka gyara takardar nan. Ka soke babu, ka rubuta gaskiya da manyan baƙaƙe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Takardar likitar tana cikin wannan ambulan, na adana ta a ƙasan akwatina, ka ɗauki hotonta a waya, ita kuma ka sa a aljihu. Ran da ka isa, tun kafin ka nemi gado, ka nemi ɗakin shan magani ka nuna musu, ka tambaya ko suna da allurar, in babu ina ne mafi kusa. In an tura ka ƙauye bayan horo, ka sake yin haka. Ka gaya wa wanda gadonsa ke kusa da naka, ka gaya wa shugaban rukuninku, ka koya musu abin da za su yi da abin da ba za su yi ba, don ran da abin zai zo kai ba za ka iya magana ba. Musulmi ne ko Kirista, yana jin Hausa ko ba ya ji, wanda ke kusa da kai shi ne ɗan'uwanka a ranar.

Sauran kuma na sana'ata ne, nan kam ka saurare ni don na san halinta. Zuma ba ta harbi don mugunta, sai ta ji an takura ta. In tana zagaya ka kada ka kai mata duka, ka janye a hankali. Kada ka murtsuke ta, warin wadda aka kashe kiran 'yan'uwanta yake. In taro ne ya taso, ka rufe fuska da riga ka yi gudu ka shige ɗaki ko mota, kada ka faɗa ruwa, jiranka za su yi a sama. Kwalbar lemo da ka buɗe ka ajiye, ka leƙa kafin ka kai baki. Kada ka taka ciyawa ba takalmi, ka kakkaɓe riga da takalmi kafin ka sa. Turaren nan naka da ke riga ka isa zaure, ka bar wa Hauwa shi, ko ka ajiye sai ranar Juma'a, in ba so kake su ɗauke ka fure ba. Kuma na san halin samari. Wata rana za a ga zuma ta yi gida a rufin aji ko a bishiyar makaranta, wani zai ce ai ga ɗan gidan masu zuma daga Kano. Ga 'yan mata suna kallo. Ka ce musu ubanka ne mai zuma, kai malamin makaranta aka turo. Duk wanda ya kira ka rago, ka ba shi lambata, ni na fara faɗa kuma na janye.

Abba, ka yafe min. Ban saba faɗar wannan ga na ƙasa da ni ba, amma na cuce ka sau huɗu kana yi min biyayya, kuma ina tsoron tsayuwa gaban Allah da shi. Ban taɓa jin kunyarka ba. Kaina na ji wa, na ɗora maka. Ina alfahari da kai, kuma ina tsoron rasa ka, tsoron da ya hana ni zama wuri ɗaya tun ranar Juma'a.

Jibi ni zan raka ka tasha. Ba Baffanka ba, ba abokanka ba, ni, kuma ni zan ɗauki jakar, duk mai cewa Malam Sale ya zubar da kunya ya faɗa. Kafin ka shiga mota za ka buɗe min takardar nan in gani da idona. In na tarar babu tana nan, to wallahi a gaban fasinjoji zan ɗaga murya in gaya wa direba da wanda ke kujerar kusa da kai, ka san kuwa muryata ba ta da maɓoya. Zaɓi ya rage naka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki masu saurin kai ɗauki. Allah Ya kare numfashinka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa mu ga dawowarka da ranmu da lafiyarmu. Ummanka tana sa maka albarka, Gwaggonka ta ce a gaya maka in ka yi wasa har can za ta biyo ka.

In an tashi mota ka hango ni tsaye a bakin titi, kada ka yi min hannu wai in koma gida. Sai na ga kun haye gada.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sale Mai Zuma